Gari Ya Auna Ruwansa: Jagorar Amfani da Hasashen Yanayi ga Ƙananan Manoma

Babu shawarar da ta fi ta ranar shuka nauyi a wuyan manomi. Irin da ke hannunsa ƙidayayye ne, ko wanda ya ɓoye a rumbu tun kaka, ko wanda ya sayar da akuya ya saya. In ya zuba shi a ƙasa da ruwan farko, ruwa ya ɗauke mako biyu, tsiro ya ƙone, sai ya koma neman iri a lokacin da ya fi tsada. In kuma ya yi ta jira har damina ta yi nisa, ruwa na iya janyewa gero yana bununi, a tashi da kara ba tsaba.

Iyayenmu sun san wannan haɗari, sai dai damina ta sauya hali a hannunmu. Bayan farin shekarun 1970 da 1980 ruwa ya dawo yankin Sahel, amma da wata ɗabi'a daban: yakan zo da yawa a lokaci guda, ya kuma bar tazara mai tsawo tsakanin wannan ruwa da wancan. Wani bincike da aka wallafa a 2017 ya nuna cewa manyan hadura masu tsanani sun ninka sau uku a Sahel tun daga 1982. Ambaliyar 2022 ta hallaka mutum fiye da 600 a Najeriya, ta 2024 kuma ta shanye Maiduguri bayan fashewar madatsar Alau, ta rushe gidaje da gonaki a Maraɗi da Damagaram. Manomi guda yakan ga fari a watan Yuni, ya ga ambaliya a Agusta.

Hasashen yanayi na iya rage wannan asara, da sharaɗi guda: kada gari ya tsaya a matsayin mai sauraro kawai. Garin da ke auna ruwansa, yana rubutawa, yana gwada abin da aka faɗa da abin da ya sauka, shi ke cin moriyar hasashe, shi ne kuma ke taimaka wa masana su gyara aikinsu. Wannan jagora ta ƙungiyoyin manoma ce, da malaman gona, da malaman makaranta, da duk mai son garinsu ya fara wannan aiki da abin da ke hannu.

Yadda ake yin hasashe, da inda yake rauni

Damina tana zuwa mana ne idan iska mai laima daga Tekun Atlantika, wadda ke busowa daga kudu maso yamma, ta tura busasshiyar iskar Sahara zuwa arewa. Iyakar da ke tsakanin iskokin biyu tana hawa arewa tun daga bazara har Agusta, sannan ta juyo. Shi ya sa Kaduna ke rigan Kano samun ruwa, Kano ta riga Damagaram, a ƙarshen damina kuma na arewa su riga rasa shi. Zafin ruwan teku, a Atlantika da Fasifik da Bahar Rum, yana da hannu a ƙarfin wannan iska, kuma da shi masana ke kintatar damina tun watanni kafin ta faɗi.

Ruwan kansa kuwa yawancinsa daga manyan hadura yake zuwa, waɗanda ke haɗuwa da yamma, sau da yawa a kan tuddai irin na Jos da duwatsun Azbin, su nufi yamma da gudu. Kowane manomi ya san hadari daga gabas yake tasowa. Irin wannan hadari yakan jiƙa gari sharkaf ya tsallake wani da bai fi kilomita 10 daga nan ba. Kwamfutocin hasashe suna raba duniya gida-gida, kowane gida faɗinsa kilomita 9 zuwa 25 ko fiye, alhali hadari yakan faro daga wuri ƙarami da bai kai haka ba. Tauraron ɗan adam na Meteosat yana kallon gajimare daga sama, yana auna sanyin kansa, daga nan a ƙiyasta ruwan da ke cikinsa. Abin da ya taɓa ƙasa kuwa sai ma'aunin da ke ƙasa ne zai faɗa. A nan giɓin yake: Hukumar Yanayi ta Duniya ta daɗe tana cewa tashoshin auna yanayi a Afirka ba su wuce kashi ɗaya cikin takwas na abin da ya kamata ba.

Fasaha tana ci gaba. Sabon Meteosat da aka harba a Disamba 2022 yana ɗaukar hoton Afirka kowane minti 10, yana kuma ganin walƙiya. Shirin TAHMO yana kafa ƙananan tashoshi masu aiki da hasken rana, yawanci a makarantu, da burin kaiwa 20,000 a nahiyar. A Burkina Faso an gwada auna ruwa da turakun wayar salula tun 2012, domin ruwa yana raunana saƙon da ke tafiya tsakanin turke da turke. A Indiya, a 2025, gwamnati ta aika wa manoma kusan miliyan 38 saƙon waya kan faɗuwar damina, wanda aka samo da taimakon ƙirƙirarriyar basira. Yawancin waɗannan na'urori da awon ƙasa ake koya musu, da shi ake kuma gane ko sun yi daidai. Mali ta fahimci haka tun 1982, lokacin da hukumar yanayinta ta fara raba wa manoma ma'aunin ruwa, suna awo suna aikawa, ita kuma tana mayar musu da shawara ta rediyo kowane kwana 10.

Hasashe iri uku ne, kowanne da aikinsa

Na farko shi ne hasashen damina gaba ɗaya. A Najeriya hukumar NiMet ce ke fitar da shi a farkon shekara, tana faɗin lokacin da ake sa ran faɗuwar ruwa da ɗaukewarsa, tsawon damina, yawan ruwa da inda ake tsoron fari a tsakiyar damina, jiha-jiha har zuwa ƙaramar hukuma, ana kuma fassara shi da Hausa. Hukumar NIHSA tana fitar da nata kan ambaliya. A Nijar, cibiyar AGRHYMET da ke Yamai, wadda aka kafa a 1974 bayan babban fari, tana tara masanan ƙasashen yankin kafin damina su fitar da hasashe tare, hukumar yanayi ta ƙasa kuma ta rarraba shi jiha-jiha. Wannan hasashe na zaɓen iri ne da rabon gona.

Na biyu shi ne na mako guda zuwa kwana 10. Da shi ake tsara shuka, noma da zuba taki.

Na uku na yau da gobe ne, tare da gargaɗin gaggawa na hadari mai iska ko ambaliya. Da shi ake yanke shawarar feshi, shanya, girbi da kwashe dabbobi daga kwari.

Kuskuren da aka fi yi shi ne a ɗora wa ɗaya aikin ɗaya. Hasashen damina ba zai faɗa maka ko za a yi ruwa ranar Talata ba. Hasashen gobe kuma ba zai faɗa maka irin da za ka saya ba.

Mataki na farko: a kafa kwamiti

Tun cikin rani a zauna da mai gari ko mai unguwa, da sarkin noma, da liman, da malamin gona in akwai. A zaɓi mutum biyar zuwa bakwai. A tabbata akwai mace aƙalla biyu, domin mata suna noma gayauna, su ke shanya, su ke adana iri. A sa makiyayi ɗaya, domin labarin ruwa ya shafi kiwo kamar yadda ya shafi noma, kuma zama tare yana rage rikici. A sa matashi mai babbar waya wanda zai iya buɗe shafin hukumar yanayi. Mai awo ya zama mazaunin gari wanda ba ya tafiya ci-rani da damina, mai iya rubuta lamba da boko ko da ajami, a kuma naɗa masa mataimaki saboda ranar ciwo ko tafiya.

Mataki na biyu: ma'aunin ruwa

Ana auna ruwan sama da milimita. Milimita 1 na nufin lita 1 ta sauka a kan fili mai faɗin mita ɗaya da tsawon mita ɗaya, wato lita 10,000 a hekta guda. Ruwan milimita 20 ke nan ya zuba lita 200,000 a hektarka.

Mafi kyau shi ne ma'aunin roba mai zane a jiki, irin wanda hukumomin yanayi da ayyukan gona ke rabawa. In bai samu ba, gwangwani ya isa, da sharaɗi uku: jikinsa miƙaƙƙe ne, gindinsa shimfiɗaɗɗe, faɗin bakinsa daidai da na gindinsa. Babban gwangwanin madara ko na tumatir da aka yanke bakinsa tsaf zai yi. Bokiti ko kwano ba za su yi ba, domin bakinsu ya fi gindinsu faɗi, za su nuna ruwa fiye da wanda aka yi. A sami siririn tsinke busasshe, a tsoma shi tsaye har ya taɓa gindi, a ciro, a ɗora rula a kan inda ya jiƙe. Tsawon jiƙon shi ne yawan ruwan.

Mai son awo mafi daidai ya nemi mazurari mai faɗin baki santimita 11.3, ya ɗora a bakin kwalba. Da wannan faɗi, kowane mililita 10 da ya taru a kwalbar milimita 1 ne na ruwan sama. Da sabon sirinji na kemis za a iya zuƙe ruwan a ƙirga: sirinji mai cin mililita 10 in ya cika sau 14, an yi ruwan milimita 14. Kwalba kuma tana hana ruwan ƙafewa kafin safiya.

Wurin kafawa ya zama fili. Nisan ma'aunin daga itace, ɗaki ko katanga ya kai ninki biyu na tsayinsu, in an samu ninki huɗu ya fi. A kafa turke mai tsayin mita 1, a ɗaure ma'aunin yadda bakinsa zai ɗara kan turken, ya kuma zauna daidai ba karkace ba. A kewaye shi da gajeren shinge saboda awaki da yara. Filin makaranta ya dace ƙwarai, domin ɗalibai za su koya. In gonakin gari sun bazu, wasu a tudu wasu a fadama mai nisa, a kafa biyu ko uku. Bambancin da za a gani tsakaninsu zai ba kowa mamaki.

Mataki na uku: awo da rubutu

A karanta kowace safiya a sa'a guda, misali ƙarfe 7, ko an yi ruwa ko ba a yi ba. Idan ma'auni mai zane ne, a sunkuya har ido ya yi daidai da saman ruwan. A rubuta nan take, a zubar, a ɗauraye ƙura, a mayar. Ruwan da aka tarar da safe a rubuta shi a ranar jiya, domin haka hukumomi ke yi. Ranar da ba a yi ruwa ba a rubuta 0. Barin gurbi fanko yana nufin ba a duba ba, kuma bambancin yana da girma. Yayyafin da bai kai a auna ba a rubuta "ɗigo". In ruwa ya yi yawa har ma'auni na neman cika, a auna a zubar, a haɗa lissafi da safe.

Littafin makaranta mai bango mai ƙarfi ya isa. A ja layi biyar: kwanan wata, yawan ruwa, abin da hasashe ya faɗa, aikin da aka yi a gona, da abin da aka lura, kamar iska mai ƙarfi, ƙanƙara, tsutsa ko fara. A tara jimla sau uku a wata: daga 1 zuwa 10, daga 11 zuwa 20, daga 21 zuwa ƙarshe. Da wannan rabo hukumomin yanayi ke aiki, don haka lissafinku zai yi daidai da nasu. Duk ƙarshen wata a ɗauki hoton shafin da waya, saboda gara da ruwa.

Mataki na huɗu: gane ruwan shuka

Wani masani mai suna Sivakumar, da ya yi aiki a cibiyar ICRISAT ta Sadore kusa da Yamai, ya fitar da ƙa'ida a 1988 wadda har yau ake amfani da ita a Sahel. Damina ta kama idan, bayan 1 ga Mayu, an tara ruwan milimita 20 cikin kwana 3 a jere, kuma ba a sami tsaikon ruwa da ya wuce kwana 7 ba cikin kwana 30 da suka biyo baya.

Rabin farko na ƙa'idar ma'auninku ne zai faɗa. A ce an yi milimita 14 ranar 3 ga Yuni, aka ƙara 9 ranar 5: jimla 23 cikin kwana 3, sharaɗi ya cika. A tabbatar da fartanya: a tona a gona, a ga ko laima ta nutsa tsawon tafin hannu ko fiye. A jigawa irin wannan ruwa yakan nutsa da kyau; a ƙasa mai laka ko fako yakan gudu ya bar ciki a bushe.

Rabi na biyu kuwa magana ce ta gaba, kuma a nan hasashe ke shigowa. Kwamiti ya yi tambaya biyu. Shin ranar ta yi kusa da lokacin da hasashen damina ya ba ƙaramar hukumarmu? Me hasashen mako ya ce? In ruwan ya riga lokacin da mako uku, hasashen mako kuma bai nuna wani ruwa a tafe ba, wannan ruwan sharar gona ne da huɗa, a riƙe iri. Ganin hadari ba ya sa a zubar da ruwan tulu. In ranar ta faɗo cikin lokacin da aka ambata, ana kuma sa ran ƙarin ruwa cikin mako, a fita da sungumi.

Inda amsar ta zo da shakka, a raba haɗarin. A shuka kashi ɗaya cikin uku na gona, a jira ruwa na gaba. A fara da gero, domin kilo kaɗan ke shuka hekta, kuma yana jure ƙishi. Gyaɗa, wadda ke cin kilo 60 zuwa sama a hekta, da irin masara na saye, su jira har damina ta zauna. Haka ma binne: yana da amfani ga mai babbar gona da ƙarancin hannu, amma haɗarinsa shi ne ƙaramin ruwa na milimita 5 zuwa 10, wanda zai tayar da tsiro ya kasa raya shi. A yi binne da gero kaɗai, kuma sai lokacin da aka ambata ya matso.

Mataki na biyar: daga hasashen damina zuwa zaɓen iri

Hasashen damina yakan zo da lamba uku. Misali a ce yiwuwar ruwa ya fi na kullum kashi 45 cikin 100, ya yi daidai da na kullum kashi 35, ya gaza kashi 20. Ma'anarsa an fi sa ran damina mai ruwa, amma ƙofar ƙarancin ruwa ba a rufe take ba: cikin shekaru biyar masu irin wannan alama, ɗaya na iya zuwa da fari. "Na kullum" kuma na kowane wuri daban ne. Zariya takan sami wajen milimita 1,000 a shekara, Maraɗi wajen 500. Damina mai kyau a Tawa fari ce a Zariya.

Lambar da ta fi amfani ita ce tsawon damina. A ƙirga kwanaki daga ranar faɗuwa zuwa ranar ɗaukewa, a cire kwana 10 zuwa 15 saboda tsaro, sannan a zaɓi irin da zai nuna cikin abin da ya rage. In an ce damina kwana 100 ce, irin da ke bukatar kwana 120 caca ne.

Idan hasashe ya nuna gajeriyar damina ko jinkirin ruwa, a karkata ga iri mai saurin nuna: gero irin SOSAT ko HKP, ko Chakti da aka fitar a Nijar a 2018 wanda ke nuna cikin kusan kwana 70, gyaɗa SAMNUT 24, wake ɗan wuri, masara mai kwana 80 zuwa 90 in ƙasar ta masara ce. A rage maiwa da dawa mai dogon zango. A haƙa ramukan tassa da na rabin wata a fako don kama ruwa, a yi huɗa a gicciye da gangare. Taki a sa shi ɗan kaɗan a ramin shuka, kamar cikin murfin kwalba na kamfa, gram 6, maimakon watsawa.

Idan hasashe ya nuna ruwa mai yawa, a yashe magudanai, a guji shuka gero da wake a kwari, a bar wa shinkafa fadama, a ɗaga rumbu, a shirya wa tsutsa da cututtukan ganye. Mazauna bakin kogi, irin na Haɗeja, Rima da Kwara, su saurari gargaɗin ambaliya ko da garinsu ba a yi ruwa ba, domin ruwan wani wuri ne ke cika kogi.

Kowane hali ake ciki, kada a zuba gona duka a iri ɗaya. Haɗa gero da wake, ko dawa da gyaɗa, dabara ce da kakanni suka bari, kuma sauyin yanayi ya ƙara mata daraja.

Mataki na shida: aikin yau da gobe

Yuriya tana son ƙasa mai laima. In aka watsa ta a busasshiyar ƙasa da rana, ƙarfinta yakan tashi a iska. In aka zuba ta gab da ruwa kamar da bakin ƙwarya, ta bi ruwa. A zuba bayan ruwa matsakaici, a rufe da ƙasa. Feshi yana bukatar sa'o'i ba ruwa, gwargwadon abin da aka rubuta a jikin maganin, da safiya marar iska. In an ce akwai hadari da yamma, a ɗage. Noman firi da maimai sun fi kyau a ranar da za a yi rana, ciyawa ta bushe. Wadda aka nome ruwa ya biyo baya takan sake kamawa. A ƙarshen damina, gyaɗa da masara da ruwa ya daka a shanya suna yin fumfuna mai dafi da ke lahanta hanta, don haka a dubi hasashen kwana uku kafin a tuge ko a karya, a tanadi tamfol.

Idan rediyo ta ce yiwuwar ruwa kashi 70 cikin 100, ana nufin cikin ranaku 10 masu irin wannan yanayi, 7 sukan zo da ruwa. Ranar da bai zo ba, hasashe bai yi ƙarya ba. Hukunci sai an tara ranaku da yawa a littafi.

Mataki na bakwai: isar da saƙo

Labarin da ya tsaya a wayar mutum ɗaya bai amfani gari ba. Kowane saƙo ya amsa tambaya huɗu: ina, yaushe, yaya ƙarfinsa, me ya kamata a yi. Misali: "Gargaɗi ga mutanen gari da rugage: ana sa ran hadari mai iska gobe da la'asar. A kwashe shanya, kada a yi feshi, kada a fake a gindin itace." Saƙon murya ta WhatsApp ya fi rubutu, domin kowa yana ji. Sanƙira, sanarwa bayan sallar Juma'a, ranar kasuwa da allo a ƙofar mai gari duk hanyoyi ne. Mata 'yan kwamiti su kai shi cikin gidaje. A Nijar ƙungiyar RECA tana amsa tambayoyin manoma ta waya da Hausa. A Najeriya akwai cibiyar NAERLS ta Jami'ar Ahmadu Bello da ofisoshin gona na jihohi. A faɗi tushen kowane saƙo, kuma wanda ba a san inda ya fito ba kada a yaɗa shi.

Akwai masu jin nauyin maganar hasashe, suna ganin kamar shiga gaibu ne. Sanin gaibu sai Allah, kuma Shi ke saukar da ruwa inda Ya so. Mai hasashe yana duba alamu ne da ke fili, iska da gajimare da zafin teku, kamar yadda dattijo ke duban gabas ya ce a shigar da kaya. A Kafrin ta ƙasar Senegal, inda aka fara irin wannan aiki a 2011, shigar da shugabannin al'umma da gidajen rediyon karkara ne ya sa manoma suka karɓa. A nemi liman ya yi wa jama'a wannan bayani da bakinsa.

Alamun gargajiya su shiga littafi

Manoma sun ce watan bakwai maƙarar rani, ko ba ruwa da alama. Zuwan shamuwa, kakkaɓe ganyen gawo, tohon tsamiya, juyawar iska daga gabas zuwa kudu maso yamma, tururuwa na kwashe ƙwai zuwa tudu, matsayin taurarin Kaza: duk ilimi ne da aka tara da ido shekara da shekaru. Wasu alamun suna da tushe a fili, domin juyawar iska ita ce isowar iskar damina da masana ke bibiya. Wasu kuma sauyin yanayi da saran itatuwa sun raunana su. A tambayi dattawa, maza da mata, a rubuta alamar da ranar da aka gan ta. Bayan shekaru kaɗan littafi zai nuna wadda har yanzu take da ƙarfi a garinku. Inda alama da hasashe suka haɗu a yi aiki da ƙwarin gwiwa. Inda suka saɓa a raba gona.

Bayan girbi: a yi hisabi, a mayar da labari

Idan amfani ya shiga rumbu, kwamiti ya tara gari. A karanta jimlar ruwan shekara, ranar da damina ta kama, ranar da ta ɗauke, da tsaiko mafi tsawo. A gwada da abin da aka yi hasashe. A tambayi wanda ya shuka da wuri da wanda ya jira, dami nawa kowa ya samu, da wane iri. Daga nan ake gyara ƙa'idar gari: wata ƙasar milimita 20 ta ishe ta, wata sai 25 ko 30.

Sannan a kai kwafin littafin ofishin gona da ofishin yanayi mafi kusa, a karɓi lambar wanda za a riƙa aika wa awo kowane kwana 10. Garin da ke da rubutaccen awo yana da bakin magana. Zai iya neman a kafa masa tasha mai sarrafa kanta, ya nemi rediyon jiha ta ware lokaci tsayayye na hasashe da Hausa, ya nemi hasashen damina ya iso kafin a sayi iri, ya kuma kafa hujja in ana maganar inshorar noma ko tallafin fari. Majalisar Ɗinkin Duniya ta ɗauki alkawari a 2022 cewa kafin ƙarshen 2027 kowane mutum a duniya zai sami gargaɗin bala'i a kan lokaci, kuma ƙauyukanmu suna da haƙƙi a cikin wannan alkawari.

Aikin yana da lokacinsa. A Fabrairu da Maris a kafa kwamiti, a nemo hasashen damina. A Afrilu a kafa ma'auni, a ja layin littafi, a sayi iri. Daga 1 ga Mayu a fara awo kullum har ƙarshen Oktoba. A Nuwamba a yi hisabi. Kuɗin farawa bai wuce na littafi, rula da turke ba. Shekarar farko za ta koya muku awo, ta uku za ta fara nuna muku halin damina a garinku, kuma duk shekarar da aka ƙara a littafin tana ƙara wa shawarar ranar shuka ƙarfi. Allah Ya ba mu damina mai albarka.